Me zan rubuta a saman takardar nan?

Malama Binta Mai Aji Uku:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don Allah kada a mayar da ita wasa. Hedimasta ya ce tunda ni mace ce zan iya shiga gidaje, in zaga garinmu da rugagen da ke kewaye, a nan yankin Ringim, in rubuto sunayen yaran da ba sa zuwa makaranta saboda wata lalura a jikinsu. Na ja layi a takarda, na rubuta NAKASASSU a sama da manyan baƙi. Gida na huɗu da na shiga, uwar ta yi firamare, sai ta karɓi takardar ta karanta, ta miƙo min abata. Ta ce, "Malama, gidan nan babu nakasasshe, gwada gaba." Ga yarinyar ina kallonta a kan tabarma, shekara bakwai, ba ta zama sai an tokare ta da filo. Na fito jikina a sanyaye.

Na biyu ma ya fi damuna. Akwai yaron da duk garin nan ke ce wa Gurgu, yana rarrafe da silifa a hannu, kullum yana bakin rijiya. Na tambayi yaran ajina su talatin da wani abu, wane ne sunansa na yanka? Babu wanda ya sani. Ni ma da nake tambayar ban sani ba, kuma a gabana aka haife shi.

To me zan rubuta a saman takardar? Kuma su yaran ajina, me zan koya musu su riƙa cewa?

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam Malama. Ni ban ga abin wahala a nan ba. Gurgu gurgu ne, makaho makaho ne. Kakanninmu da suka naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare zaginsu suke yi? Sarauta ce da rawani, har fada suke zuwa gaisuwar salla. Wannan "masu buƙata ta musamman" ƙungiyoyin Turawa ne suka zo da ita a farar mota. Kowa ma ai mai buƙata ta musamman ne, ni tawa buhun taki ce.

Maman Walida:
Ɗan Tasha, Allah ya ba ka lafiya da kai da zuri'arka. Ka yi dariyarka.

Malama, ni na san abin da matar nan ta ji, don irin yarinyarta gare ni. Kalmar da kika rubuta ba zagi ba ce, ni ma a rediyo nake jin ta. Amma ki tuna me muke ce wa nakasasshe a gida. Kwanon da ya lotse, keken da ba ya gyaruwa, akuyar da ba a layya da ita. Uwa ta yi naƙudar kwana biyu, ta shekara bakwai tana goyon ɗa a bayan da ya gaji, sai ki shigo da biro ki sa mata shi a wannan layin. Dole ta kore ki. Da kin fara da "yaya sunan 'yar tawa?" wallahi har fura za ta dama miki.

Kuma nakasasshe mai sauƙi ne a kan abin da na ji da kunnena. Walida tana da wata takwas wuyanta bai tsaya ba, wata tsohuwa a dangin mijina ta leƙa ta ta ce 'yar ruwa ce, an musanya min. Wai a kai ta bakin kogi da daddare a ajiye, a juya baya, za ta zama maciji ta koma wurin 'yan'uwanta. A gabana aka faɗa, ina shayar da ita. Yau shekararta tara. Tana gane muryar kowa a gidan, in babanta ya yi sallama ita ce farkon dariya. Har yanzu akwai masu cewa "yaya jikin abar nan?"

Hajiya Yaya:
Innalillahi. Sannu Maman Walida. Allah ya sa ita ce sanadin aljannarki.

Sista Hauwa (asibitin sha-ka-tafi):
Sannu 'yar'uwa. Bari in tsaya a kan wannan kalmar ta "ɗan ruwa", don a cikin duk kalmomin da za a lissafa ita ce mai kashe yaro. Wanda aka ce gurgu ne an yarda mutum ne. Wanda aka ce ɗan ruwa ne an cire shi daga cikin mutane, kuma daga ranar ba a ƙara tunanin asibiti.

Mafi yawan yaran da ake ba wannan sunan, rauni ne ya samu ƙwaƙwalwarsu suna jarirai. Doguwar naƙuda a gida har yaro ya fito bai yi kuka ba. Shawara mai tsanani a makon farko, idon jariri ya yi ɗorawa a ce a bari sai an yi suna. Sanƙarau. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai har da jijjiga. Wurin da ke ba wa gaɓoɓi umarni ne ya samu rauni, shi ya sa wuya ba ya tsayawa, hannu ya ƙandare, miyau ya riƙa zuba. Ba ya yaɗuwa, ba laifin uwa ba ne, kuma da yawansu hankalinsu garau yake, bakin ne ba ya biyo shi. Ana yi musu gashi da motsa gaɓoɓi, akwai sashen a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano da na Ƙashi da ke Dala, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfani.

Wata kalmar da nake fama da ita ita ce galahanga. Mun mayar da ita buhu, komai a ciki ake zubawa. Yaron da na bayyana a sama, galahanga. Mai lalurar Dawun, wanda ƙwayar halittarsa ta 21 ta zo uku maimakon biyu, galahanga. Mai otizim, wanda ba ya son haɗa ido kuma magana ta yi masa jinkiri, shi ma galahanga. Abubuwa uku ne daban, kulawarsu daban. In uwa ta zo ta ce min ɗanta galahanga ne, sai na sake tambaya daga farko.

Sani Mai Walda:
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, kowa yana magana a kanmu, bari mai abin ya ce wani abu.

Ni gurgu ne. Shan inna ta same ni ina shekara biyu, ƙafafuna biyu duka. Yau ina da shago, kekunan guragu nake ƙerawa da ƙofofi, yara uku ke koyon aiki a hannuna, duk masu ƙafa. In muka haɗu da 'yan'uwana guragu muke ce wa kanmu. Ƙwallon da muke bugawa da hannu a kan katako mai taya, wadda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro, ƙwallon guragu ake ce mata, ba wanda ya taɓa jin haushi. Don haka a wannan gaɓar ina tare da Ɗan Tasha.

Amma Ɗan Tasha, tsaya, kada ka yi murna. Ni babba ne, ni na zaɓi in amsa. Akwai bambanci tsakanin "Sani gurgu ne" da "kai Gurgu, zo nan". Ta farko labari ce. Ta biyu an ƙwace min suna. Ina yaro har na kai shekara goma in aka ce Sani ba na waiwayawa, don mahaifiyata kaɗai ke faɗa, Allah ya jiƙanta. Ranar da aka kai ni makarantar allo malam ya ce yaya sunanka, na ce Gurgu. Aka fashe da dariya. Malam bai yi dariya ba, ya aika gida aka tambayo.

Ita kuma "masu buƙata ta musamman", ba na faɗa da ita, amma ku san inda muke jin ta. A wurin taro. A sa mana riga mai rubutu ranar 3 ga Disamba, ranar masu nakasa ta duniya, mai girma wane ya faɗe ta sau goma a lasifika, kuma ɗakin taron yana saman bene, sai an cicciɓe mu kamar buhun gero. A ce min gurgu a yi min gangara a ƙofar masallaci ya fi min.

Ɗan Tasha:
Malam Sani na ji, kuma na karɓi ta sunan. Amma tambaya nake, ba gardama ba. Mu Hausawa ai da siffa muke kiran juna. Dogo, Gajere, Jatau, Baƙi, Duna. Har da Ajuji, wanda 'yan'uwansa suka yi ta mutuwa aka ce a jefar a juji, kuma babu Ajujin da ya kai ƙara. Me ya sa Dogo halal, Gurgu haram?

Sani Mai Walda:
An taɓa hana Dogo aure don tsawonsa? An taɓa miƙa wa Jatau naira hamsin a bakin hanya alhali jiran mota yake? Ni an yi min, ina sanye da shadda ta fi ta mai bayarwar tsada. Ajuji kuma don ƙauna aka sa masa, dabara ce ta ɓoye shi kada mutuwa ta gan shi. Sunan da aka sa don a tsare yaro daban, wanda aka sa don an gaji da tuna nasa daban.

Alaramma Na Gabas:
Bismillah. Malam Sani ya kusa gama mana karatun, sai dai in kawo nassi.

Alƙur'ani bai ɓoye kalmar ba. A farkon Suratu Abasa an ce makaho ya zo masa, da kalmar makaho ƙarara. Wannan makahon shi ne Abdullahi ɗan Ummu Maktum, kuma a kansa Allah ya yi wa fiyayyen halitta, tsira da aminci su tabbata a gare shi, gyara. Shi ne daga baya yake kiran salla tare da Bilal, kuma an sha barin sa ya riƙe Madina in an fita yaƙi. A Suratun Nur aya ta 61 da Suratul Fat'hi aya ta 17 an ambaci makaho da gurgu da mara lafiya, aka ce babu laifi a kansu. To da kalmar kanta zagi ce da ba ta zo a nan ba.

Amma a Suratul Hujurat aya ta 11 an hana jifan juna da laƙabi, an hana wasu su yi wa wasu izgili. Malamai suka haɗa biyun suka ce: siffanta mutum da abin da ke jikinsa ya halatta idan don a gane shi ne, babu nufin tozartawa, kuma in akwai wata hanyar gane shi ita ta fi. Shi ya sa a littattafan hadisi za ka ga Al-A'araj, wato gurgu, sunansa Abdurrahman ɗan Hurmuz, da Al-A'amash mai raunin gani, sunansa Sulaiman ɗan Mihran. Ku lura, fiye da shekara dubu da mutuwarsu amma sunayensu na yanka ba su ɓata ba. Mu kuwa yaro yana raye a bakin rijiya nasa ya ɓata. Uba ya yanka rago ranar bakwai, liman ya raɗa suna, aka raba goro. Haƙƙin yaron ne, ba kyauta muke yi masa ba in mun kira shi da shi.

Batun ɗan ruwa kuwa, wanda ya ajiye yaro a bakin kogi ya juya baya ya kashe rai, ko wace tsohuwa ce ta ba shi fatawar.

Hajiya Yaya:
Allah gafarta Malam, Allah ya ƙara sani. Ni abin da na taso na ji manya na cewa shi ne "bawan Allah" ko "baiwar Allah", ko a ce "mai lalura". Kuma makaho a ce masa Malam. Ba ya fi daɗi ba?

Usman Kurma:
Sannu ku duka. Ku yi haƙuri da Hausata ta rubutu, a makaranta na koya. Ni kurma ne, sanƙarau ya kama ni a annobar 1996 ina ƙarami. Na yi karatu a makarantar Tudun Maliki a Kano.

Hajiya, "mai lalura" ni ba na so. Ba ni da ciwo. Ba na shan magani. Ina noma, ina da mata da yara biyu masu ji. Kurma kawai. Kalmar da ba na so ita ce bebe, don mutane in sun ce bebe suna nufin ba magana, ba hankali. Mu muna da magana, maganar hannu. Akwai ta gargajiya da kurame ke yi a kasuwa tun da, akwai ta makaranta da ta samo asali daga ta Amurka. In mun zauna hira muna kai dare. Wasu kurame tsofaffi suna ce wa kansu bebaye, ruwansu, ba na hana su. Amma yaro ƙarami kar a ce masa bebe, kuma kar a sa ganye a baki don a tsokane shi. Wannan abin yara suna yi, manya suna dariya.

Malama, a takarda rubuta: ba ya ji. Sai a san makarantar da za a kai shi. Akwai ta kurame a Haɗeja.

Maman Walida:
Ka ga ikon Allah. Ni "mai lalura" ita ce ta fi min sanyi a kan Walida, shi kuma Malam Usman ba ya son ta. Ashe babu kalma ɗaya da za ta rufe kowa.

Ɗalibin Shari'a:
Don ƙarin bayani. Akwai dokar tarayya ta 2018 da ta hana nuna wariya ga masu nakasa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Mutum in ya nuna wariya, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keken gurgu zai shiga, wa'adin ya wuce. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020. Abin lura, a cikin dokar mutum aka fara ambata sannan nakasar. Da Hausa "yara masu nakasa" kenan maimakon "nakasassu". Don haka shawarata Malama ta rubuta haka.

Ɗan Tasha:
Lauya, masu nakasa da nakasassu ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Malam Tsoho Mai Ritaya:
A'a ɗana, ba ɗaya ba ne, na koyar da Hausa shekara talatin. Mai abu yana da abin ne, kuma yana da wasu abubuwan. Mai doki yana da gona, mai tabo yana da suna. Amma nakasasshe irin ginin fasasshe ne da ruɓaɓɓe da lalatacce, kalmar tana cewa aikin ya gama da abin gaba ɗaya. Kunnen matar da ta kori Malama ya ji wannan ko da ba ta san nahawu ba.

Sai dai ina da ƙorafi a kan 'yan boko irinku. Kun ɗauko doguwar jimla daga Turanci kun ɗora wa tsohuwar da ke surfe. Wa zai tsaya a tsakar gida ya ce "ɗauko wa mai buƙata ta musamman ruwa"? Abin da bakin mutane ba zai ɗauka ba a rediyo zai tsaya.

Kuma mu duba karin maganarmu, nan ne yaro ke fara karatu. Gurgu ka fi mai ƙafa ban haushi. Makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi. Malami a aji ya ce wa mai lafiya "kai kurma ne?" ga kurman gaske a bayan aji yana karanta bakinsa. Ni kaina na yi, ba sau ɗaya ba. Ba na ce a binne karin magana ba, gadonmu ne. Amma a duba wa ke zaune a wurin kafin a jefa ta.

Sista Hauwa (asibitin sha-ka-tafi):
Baba ka tuna min da wata. Ita kanta "shan inna" daga ina ta fito? Daga cewa Inna, wata iska, ita ce ta shanye ƙafar yaro. Muddin ana ganin aljana ce, wa zai yarda ɗigon magani biyu a baki zai hana ta? Mun ga abin da ya biyo baya da aka dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa 2004. Yaro na ƙarshe da cutar ta asali ta kama a jihar Kano a Sumaila ne, a Yulin 2014, kuma sai 2020 aka ce Afirka ta rabu da ita. Kalmar ta zauna, ni ma ita nake faɗa, amma duk sanda na faɗa sai na ƙara da cewa ƙwayar cuta ce da ke bi ta ƙazantar ruwa da bayan gida.

Sani Mai Walda:
Sista, kaji nawa aka yanka wa Innar nan a gidanmu, da an tara da na buɗe gona.

Shugaban Zaure:
Jama'a an goge sharhi biyu. Wanda ya sa hoton yaron mutane yana rarrafe, ko da kyakkyawar niyya ce, kada ya sake. Ba mu nemi izinin iyayensa ba.

Malama Binta Mai Aji Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na yi yau. Na yaga waccan takardar. A saman sabuwar na rubuta "Yaran garinmu da ba su shiga makaranta ba". Layin farko sunan yaro, na biyu sunan uba, na uku shekaru, na huɗu na sa "abin da ke yi masa wuya", a nan nake rubuta ba ya ji, ko ba ta tafiya, ko yana faɗuwa, kamar yadda Malam Usman ya ce. Hedimasta ya ce in ofis suka nemi kalmarsu shi zai ƙara a wasiƙar da zai ɗora a kai.

Na koma gidan matar da yamma, ban fito da biro ba sai da muka gaisa na ɗauki yarinyar. Nauyi gare ta, ban san yadda uwar take yi ba. Ta ba ni sunan, ta kuma nuna min wani gida a bayan makabarta da ban san akwai irin yaron a ciki ba, ba a taɓa fito da shi waje ba.

Na bakin rijiya kuma shi na tambaya da kansa. Ya daɗe yana kallona kamar zan ƙwace masa wani abu, sannan ya ce Mustafa. Gobe a aji zan rubuta a allo.

Ɗan Tasha:
Mustafa ɗan gidan mai faci? Ikon Allah. Kullum ni nake ɗora masa jarkarsa a baro.

Sani Mai Walda:
Malama, ki auno min tsawonsa daga ƙugu zuwa kafaɗa, da faɗin mazauninsa, ko da igiya ce ki ƙulla. Ina da tayoyi biyu da suka rage. Ɗan Tasha, in na gama kai za ka sa a motar ranar kasuwa, kuma ba zan biya kuɗin kaya ba.